Yadda na magance ƙarancin fetur bayan ɗora wa injina turbo

Bayan na ɗora wa injina mai silinda huɗu turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, sai motar ta riƙa sarƙewa idan na taka totur sosai, kuma da na kwance filogi na tarar da bakinsu fari fat, alamar iska ta rinjayi fetur. Na zargi famfon mai, amma da na auna shi lafiyarsa lau.

Lissafi ne ya tona asirin. Idan injin yana juyi 6000 a minti, milisakan 20 kacal kowace injekta, wato na'urar da ke fesa wa silinda fetur, take da shi kafin zagayenta ya dawo, injektocina kuwa a buɗe suke kusan dukkan lokacin.

Ban sayi manyan injektoci ba, domin sukan dagula silo. Na ƙara huɗu a bututun shigar iska, na bar na asali suna fesawa bi da bi, sannan na saita kwamfutar MegaSquirt mai sarrafa injin ta kunna sababbin biyu-biyu idan lokacin da na asali suke a buɗe ya kai kashi 80 cikin ɗari. Da farko fetur ya yi yawa har salansa tana baƙin hayaƙi, sai da na sa sababbin su riƙa shigowa sannu a hankali kafin tafiyar ta daidaita.