Darasi na Tara: Idan Rubutun Imel Ya Koma Ƙanana Bayan Ka Gyara Shi

Akwai wata Hajiya a ajinmu na yamma a unguwar Aboabo da ke Kumasi, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Ɗanta yana Jamus, ta imel yake aiko mata da takardun kaya. Ran nan ta shigo aji ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, jiya ka ƙara mini girman rubutu, na karanta wasiƙar yarona ba tabarau. Yau na koma shagon kwamfutar nan, rubutu ya koma kamar sawun tururuwa. Me na taɓa?"

Na ce, "Hajiya, ba ki taɓa komai ba."

Ina so kowa ya riƙe wannan amsa. Na ga dattawa da yawa sun bar imel gaba ɗaya don suna zaton su suka ɓata na'ura, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Duk gyaran da ka yi yana da inda yake kwana. Wani yana kwana a cikin asusunka na imel, ya bi ka duk inda ka je. Wani kuwa a jikin kwamfutar da ka zauna a gabanta yake kwana. Na Hajiya irin na biyun ne. Jiya na danne mata maɓallin Ctrl, na buga alamar + sau uku, rubutu ya yi girma. To, masu shagunan kwamfuta da yawa suna sa wata manhaja da ke share duk abin da baƙi suka canza da zarar an kashe na'ura an kunna, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya sa sabon karatu. Maganin a nan shi ne ka iya gyaran da hannunka, ka maimaita shi duk ranar da ka zo. Ctrl da + na ƙara girma, Ctrl da - na ragewa, Ctrl da 0 na mayar da rubutu yadda yake tun asali, wato kashi 100. Ka lura da hannunka na hagu: in yatsa ya danne Ctrl kana murza 'yar tayar da ke kan linzamin kwamfuta, girman rubutu zai canza ba ka sani ba.

In kwamfutar taka ce, Chrome, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, yakan tuna girman da ka zaɓa wa kowane shafi. Amma in ka buɗe baƙar tagar nan da ake kira Incognito, tana rufewa ta manta.

Sai gyaran da ke kwana cikin asusu, kamar harshe ko yawan saƙonnin da ke fitowa a shafi ɗaya. A Gmail, duba sama ta hannun dama, za ka ga wata alama kamar ƙafar injin niƙa mai haƙora. Danna ta, sannan ka danna "See all settings". Shafin da zai buɗe dogo ne, kuma a nan yawancin ɗalibaina suke yin kuskure: su gyara abin da ke sama, su fita abinsu. Sai ka gangara har can ƙarshe ka danna "Save Changes", wato a adana gyara. In ba ka danna ba, kamar ka auna wa mai saye yadi shida ne ba ka yanka ba. In ka danna, ko a Nima ta Accra ka buɗe asusunka gobe, gyaranka na nan.

Masu aiki da manhajar imel ta Outlook a ofis, wasu samfuransa suna da ɗan akwati a wurin ƙara girman rubutu mai cewa "Remember my preference". Sa masa alama. Kuma mu da muka san dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, mu kiyaye: wasu manhajoji ba sa adana tsarin tagarsu sai lokacin da aka rufe su da kyau. In wuta ta ɗauke kafin nan, gyara ya tafi. Saboda haka da ka gama, rufe manhajar da kanka, ka sake buɗe ta ka gani.

A wayar Android, girman rubutun imel yakan bi na wayar ne: Settings, Display, sannan Font size. In ya canza, tambayi jikanka da ya karɓi wayar jiya. In kuma za ka kai ta gyara a unguwar Adum, tambayi mai gyara ko zai share ta gaba ɗaya, don in ya share, komai zai koma yadda yake ranar da ta fito daga kwali.

Aikin yau: kowa ya zauna da abokinsa. Ka ƙara girman rubutu, abokinka ya buga Ctrl da 0, kai kuma ka mayar da shi ba tare da ka kira malam ba. Ku yi sau uku, sannan ku canza kujera.