Yadda Ake Taimaka wa Jini Ya Komo Zuciya Daga Ƙafafu

Baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma fiye da rabinsa a kowane lokaci yana cikin jijiyoyin da ke mayar da shi zuciya. Tura jini zuwa ƙafafu ba ya yi wa zuciya wuya, domin gangara ce. Dawowarsa ita ce aikin, musamman ga ɗan kasuwar da ke wuni a tsaye ko matafiyin da ke naɗe cikin mota daga Kano zuwa Legas. Ga matakan da za a bi.

Mataki na farko, ka gani da idonka. Ka saki hannunka ƙasa har jijiyoyin bayansa su taso, ka danne ɗaya da yatsa kusa da tushen yatsu, sannan ka sa wani yatsan ka shafe jinin zuwa wuyan hannu. Sau da yawa za ka ga wurin ya lafe, bai sake cika ba sai ka ɗage yatsan farko. Dalili shi ne akwai ƙananan ƙofofi a cikin jijiyar waɗanda ke buɗewa ta fuskar zuciya kaɗai. Da irin wannan gwaji William Harvey, likita ɗan Ingila, ya kafa hujja a 1628 cewa jini zagaye yake yi.

Mataki na biyu, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, ka sa sharaɓarka aiki. Jijiyoyin ƙafa suna ratsa tsakiyar tsoka, saboda haka duk lokacin da tsokar ta motsa sai ta matse su, jini ya haura, ƙofofin nan kuma su hana shi komowa ƙasa. Idan kana zaune, ka kafa yatsun ƙafa a ƙasa ka ɗaga dunduniya, sannan ka kafa dunduniya ka ɗaga yatsu, ka maimaita kamar sau 20. Telan da ke taka keken ɗinki yana yin haka ba tare da ya sani ba. Idan aikinka na tsayuwa ne, kada ka sandare wuri guda. Ka riƙa yin ɗage, kana ɗan takawa. A doguwar tafiya kuwa, duk inda direba ya tsaya ka sauko ka zaga, ko da ba ka da wata buƙata.

Na uku, ka ja numfashi mai zurfi. Shaƙar iska tana rage matsi a ƙirji ta ƙara shi a ciki, wannan bambanci kuwa yana jawo jini sama.

Na huɗu, kada ka miƙe zumbur daga kwanciya. Da zarar mutum ya tsaya, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara ƙasa. A jikin manyan jijiyoyin wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya akwai wasu sassa masu jin raguwar matsi, su ne ke aika saƙo ga ƙwaƙwalwa, ita kuma cikin daƙiƙoƙi ta ƙara saurin bugun zuciya ta tsuke jijiyoyi. A jikin tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu shan maganin hawan jini, wannan gyara yakan yi jinkiri, shi ne ake jin jiri ko duhun ido. Ka fara zama a bakin gado na minti ɗaya, ka motsa ƙafafu, sannan ka tashi. Idan jirin yana maimaituwa, a auna matsin jininka kana kwance, a sake aunawa cikin minti 3 da tsayuwarka. Awon yana ba da lambobi biyu, ta sama da ta ƙasa. Idan ta sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa ta ragu da 10, abu ne da ya kamata likita ya sani. Kada ka daina shan magani da kanka.

Na biyar, ka sauƙaƙa wa ƙoda, domin ita ke daidaita ruwa da gishirin jiki, ta haka take riƙe matsin jini na tsawon lokaci. Ka sha ruwa isasshe a bazara da tsakanin buɗa-baki da sahur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin baligi kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin.

Da yamma ka kwanta ka ɗora ƙafafu kan matasai har su ɗara ƙirji tsayi, na kamar minti 15. Mai tsohon ciki gara ta kwanta a gefen hagu, don kada nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke hauro da jini.

Amma idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura, tana zafi da ciwo, kada a murza ta kuma kada a gasa, domin wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, gudansa kuwa yana iya ɓallewa ya toshe hanyar huhu. A tafi asibiti a ranar, idan kuma numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na ciwo, a tafi nan take.