Yawon Kwana Biyu a Lisbon: Inda Za Ka Je da Abin da Za Ka Ci

In ka taso daga Zariya, ta Kano ko Abuja za ka hau jirgi, da bizar Schengen, ta shiga ƙasashen Turai da dama, a fasfo. Ka tafi da takalmi mai riƙe ƙasa, domin Lisbon, babban birnin Portugal, gari ne na tuddai, titunansa na ƙananan duwatsu masu santsi, balle in an yi yayyafi.

Ranar farko ka yi sammako ka hau tarago mai lamba 28, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, daga dandalin Martim Moniz zuwa Alfama, tsohuwar unguwar da sunanta ya fito daga Larabci. Hantsi na yi layi ya miƙe, kuma 'yan sane ba sa rabuwa da wannan taragon, sai ka rataya jaka a gaba.

Washegari ka nufi unguwar Belém. Kada ta zama Litinin, gidan ibadar Jerónimos a rufe yake. Dab da shi akwai shagon Pastéis de Belém da ke toya kek ɗin ƙwai da madara tun 1837. Da zafinsa ake ci, a barbaɗa kirfa.

Wajen abinci ne ake tafka kuskure. Duk inda ka ga porco, presunto ko chouriço, alade ne. Bifana ma haka, duk da kamarsa da burodi da nama na mai shayi. Miyar caldo verde ganye ce da dankali, amma ana jefa yankan chouriço a ciki. Gara kifi: gasasshen sadin, ko bacalhau à Brás, wato busasshen kifin gishiri da ƙwai da soyayyen dankali. Ka tambaya ko an sa vinho, giya ke nan. Naman halal kuwa yana nan a Martim Moniz.

Burodi da zaitun da za a ajiye maka ba kyauta ba ne. Ka taɓa, ka biya.