Yadda Ake Zaɓar Kayan Aiki da Kauce wa Ɓarna Wajen Ɗora Madubin Hange a Bindigar Farauta

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya kula da bindigarsa ta farauta a gida, gyaran bindiga ya zama abin sha'awa da mutane da dama ke yi a garejinsu, har akwai kamfanoni irin su Brownells na jihar Iowa, wanda aka kafa a 1939, da sana'arsu ita ce sayar wa irin waɗannan mutane kayan aiki. Aikin da ya fi jan hankalin sabon shiga shi ne ɗora madubin hange a kan tsohuwar bindiga, musamman Mauser 98 ta Jamus da aka kwaso da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka mai da ita ta farauta. A wannan aiki ne kuma aka fi yin ɓarna, kuma yawancinta ba daga rashin ƙarfi ko rashin himma take zuwa ba, daga ɗauko kayan aikin da ke kusa da hannu take zuwa. A Najeriya lamarin ya bambanta, domin Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙerawa ko gyara bindiga ba tare da izinin hukuma ba, saboda haka abin da ke biye ya shafi wanda doka ta ba shi dama ne kawai.

Kafin a taɓa komai, a cire harsashi, a duba ɗakin harsashi da ido da kuma yatsa, a fitar da harsasai daga ɗakin aikin gaba ɗaya. Sannan a matse bindigar a bais ɗin tebur wanda aka lulluɓe bakinsa da fata ko darma, domin haƙoran bais kan bar tabo a ƙarfe tun kafin a fara aikin.

Kuskuren farko yakan faru ne a kan sukuru. Sukurudireban da ake sayarwa a kasuwa bakinsa a tsuke yake, yana ƙara kauri zuwa sama, saboda haka idan aka saka shi a tsagar sukuru, gefen sama kaɗai yake taɓawa, kuma da zarar an murɗa da ƙarfi sai ya zame waje, ya tauna bakin tsagar, wani lokaci ya karce jikin bindigar. Wanda aka yi domin bindiga an wasa bakinsa ne ta yadda gefensa biyu suke miƙe daidai da juna, ya cika tsagar daga ƙasa har sama, ya kuma cika ta daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya kamata shi ne a gwada bakuna daban-daban har a sami wanda ya shiga ba tare da girgiza ba, idan kuma ba a samu ba, a wasa mai kauri a kan dutse har ya dace. Sukurun da ya ƙi fita ba a yi masa gardama: a ɗiga masa man da ke ratsa tsatsa, a bar shi ya kwana, a ɗora sukurudireba a kansa a ɗan buga gindinsa da ƙaramar guduma, sannan a danna ƙasa da ƙarfi yayin da ake murɗawa. Masu sayen tsofaffin bindigogi kawunan sukuru suke fara dubawa, domin a nan ake gane irin hannun da bindigar ta bi.

Hudar ramukan da sukurorin gindin madubi za su shiga ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne babu gyara idan an kuskure. Injin huda na hannu ba shi da gurbi a wannan aiki ko kaɗan, domin saman bindigar a kewaye yake, kuma bakin huda kan zame daga inda aka yi alama. Ramin da ya kauce da ɗan abin da ido ba ya gani zai sa madubin ya kalli wani gefe dabam da inda bututun yake kallo, har a ƙure duk gyaran da ke jikin madubin ba a daidaita ba. Ana bukatar injin huda na tsaye ko injin milin, tare da maƙalin da ke riƙe bindigar daidai ya kuma jagoranci bakin huda, irin wanda kamfanin Forster ke yi. A fara da gajeren baki mai kauri wanda ba ya lanƙwasa domin ya buɗe wurin, sannan a biyo da ainihin bakin huda, ba tare da an motsa bindigar daga inda take ba har sai an gama ramin an kuma yanka masa tiredi, wato layukan da sukuru ke kamawa.

Dole ne a san irin ƙarfen da ake hudawa. Gangar jikin Mauser 98, wato sashen ƙarfen da ake ɗaura bututun a jikinsa, an yi ta ne da ƙarfe mai ɗan laushi, aka taurara fatarsa ta waje kawai. Bakin huda na yau da kullum kan yi ta juyawa a kan wannan fata yana ƙara yana zafi har ya dakushe. A huda fatar da bakin kabaid, wato bakin huda mai tsananin tauri, sannan a koma bakin huda na yau da kullum domin sauran zurfin, saboda kabaid yana da tauri amma yana saurin karyewa. Idan kuma bindigar ta silba ce, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, hatsarin dabam ne: bakin da aka bari yana goga ba ya yanka zai taurara wurin da kansa, don haka a rage gudun injin, a sa man yanka, a danna da nauyin hannu iri ɗaya har a ga ɓarɓashin ƙarfe yana fita a nannaɗe.

Zurfin rami ya fi kowane abu muhimmanci a gaban gangar jikin, domin a nan bututun yake ɗaure, a nan ɗakin harsashi yake, a nan kuma kafaɗun da ke riƙe makullin bindiga, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi, lokacin harbi suke. A auna kaurin ƙarfen tukuna, a ɗaure abin tsayar da zurfi a jikin injin, kada a dogara da ji a hannu. Ramin da ya ratsa cikin ɗakin harsashi ya kashe bututun, kuma babu cikon da zai sa a sake amincewa da shi.

Sai maganar tiredi, inda kasuwar kayan gini ke yaudarar mutane. Sukurun da aka saba ɗora gindin madubi da shi a Amurka shi ne 6-48, wato kaurinsa inci 0.138, da layin tiredi 48 a kowane inci, kuma ramin da ya dace da shi ana huda shi da baki mai lamba 31, wanda yake inci 0.120. Bindigogi masu bugu da ƙarfi akan yi musu 8-40, da baki mai lamba 28. An zaɓi tiredi mai ƙananan layuka haka ne domin ƙarfen ba shi da kauri, kuma ana so layuka da yawa su kama. Sukurun 6-32 da ke ko'ina a shaguna kaurinsa ɗaya da 6-48, haka nan M3.5 na ma'aunin mita ya yi kusa da shi ƙwarai, kuma dukansu biyu za su shiga juyi ɗaya ko biyu kafin su cije. Wanda ya ci gaba da murɗawa a wannan gaɓa ya cinye tiredin ramin.

Taf, wato abin yanka tiredi, iri uku ne: mai tsukakken baki na farawa, matsakaici, da mai yankakken baki wanda ke kai tiredi har ƙasan ramin da bai ɓulle ba. Ga wani zaɓi da ya saɓa wa abin da ake tsammani, domin masu wannan sana'a da yawa sun fi son taf na ƙarfen kabon a kan mai tsada na ƙarfen da ke jure gudu. Dalili shi ne ƙaramin taf yakan karye ko a hannun gwani, kuma na kabon idan ya karye a rami ana iya farfasa shi da tsinken bugu a tsince gutsattsarin, alhali ɗayan sai an nemi bakin kabaid ko injin da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki. A riƙe taf a tsaye da taimakon injin da aka kashe, a juya da yatsu, a yi gaba rubu'in juyi ko rabi, a dawo baya domin ɓarɓashi ya karye, a riƙa fitar da shi ana share ramin ana ƙara mai. Da zarar an ji taf ɗin yana murɗewa kamar danyen kara ba ya ci gaba, a tsaya.

Wajen ɗauri ma akwai tarko. Ana auna ƙarfin ɗaurin waɗannan ƙananan sukurori da inci-fam, ba ƙafa-fam da makanikan mota suka saba da shi ba, kuma ƙafa-fam 1 daidai yake da inci-fam 12. Zoben da ke riƙe madubi yawanci inci-fam 15 zuwa 18 ake ba shi, amma a bi abin da kamfanin ya rubuta, da sukurudireba mai auna ƙarfi. Idan za a sa gam na tiredi a gindin madubi, shuɗin Loctite 242 ya isa. Ja mai lamba 271 ba ya sakin sukuru sai an gasa shi zuwa kusan digiri 260 a ma'aunin Salsiyas. Bayan ɗauri a gwada makullin bindigar, domin sukurun da ya yi tsawo yakan leƙa ciki ya tokare shi, kuma maganinsa a rage tsawon sukurun ne, ba a goge makullin ba.

Wannan ƙa'ida ta rage abu mai araha a bar mai tsada tana aiki har a kan saitin ƙarfe, wato ɗan abin da ake saita harbi da shi, da ke zaune a tsagar bututu. Idan sabon saiti ya ƙi shiga, gindinsa ake gogewa da magagari a hankali ana gwadawa, ba tsagar ba, kuma da tsinken tagulla ake buga shi domin na baƙin ƙarfe yana lotsa shi. A bindigogin Amurka an saba shigar da shi daga dama a fitar da shi ta dama, idan mutum yana kallon inda bakin bindigar ya nufa.

Akwai wurare biyu da mai sha'awa ya kamata ya miƙa wa ƙwararre. Na farko haƙoran kunama, waɗanda ƙaramin injin guga na hannu irin Dremel kan cinye fatarsu mai tauri ya sauya kusurwarsu cikin daƙiƙa kaɗan, har bindiga ta riƙa tashi idan ta faɗi ko an rufe makulli. Na biyu tazarar da ke tsakanin fuskar makulli da mazaunin harsashi, wadda ake dubawa da ma'aunai na musamman bisa ƙa'idojin hukumar SAAMI a Amurka ko CIP a Turai, kuma duk bindigar da aka kwance bututunta domin huda sai an sake duba mata wannan tazara kafin a saka mata harsashi.