Yadda ake zaɓar manhajar gano kod a jita mai feda

Jitar nan da ake kwantar da ita a kan ƙafafu huɗu, wadda Amurkawa ke kira pedal steel, ba a danna mata tsirkiya da yatsa. Sandar ƙarfe ake zamewa a kai, ƙafa na taka feda, gwiwa na tura liba, kowanne yana canza sautin wasu tsirkiyoyi. A birnin Nashville na Amurka ta yi gida, cikin kiɗan country, ko da yake Demola Adepoju ya shigo da ita kiɗan juju a ƙungiyar King Sunny Ade. Manhajojin jita na yau da kullum tsirkiya 6 suka sani da yatsu, shi ya sa ba su da amfani a nan.

Fara da rubuta saitin jitarka, wato sautin kowace tsirkiya da yadda kowace feda ko liba ke canza shi, kafin ka sauke komai. Makaɗa na ce wa wannan jadawalin copedent. A saitin E9 mai tsirkiya 10, daga ta farko zuwa ta goma, sautukan su ne F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Feda A tana ɗaga ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, feda B tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. Amma libobin gwiwa sun bambanta daga jita zuwa jita, har jerin fedojin ma: tsarin makaɗi Buddy Emmons A, B, C ne daga hagu, na makaɗi Jimmy Day kuwa a juye yake. Duk manhajar da ba ta ba ka damar shigar da naka jadawalin da hannu, bar ta, komai kyanta.

Sai ka jarraba ta da abin da ka riga ka san amsarsa. Tambaye ta inda kod G yake (kod shi ne sautukan da ake kaɗawa tare). Dole ta nuna maka layi na 3, cikin layukan jikin jitar da ake ɗora sandar a saitinsu, ba feda, layi na 6 da feda A haɗe da libar da ke ɗaga E zuwa F, da layi na 10 da feda A da B tare. In ta tsallake ɗaya, ba ta haɗa feda da liba yadda ya kamata. Duba kuma ko tana nuna tsirkiyoyin da ake kaɗawa tare, irin 3, 4, 5 ko 5, 6, 8, domin kod ɗin da yatsu uku ba za su iya ɗauka ba, sunansa kawai ka samu.

In waƙa ce kake so ka gano kod ɗinta, wannan wani aikin ne daban. Chordify na sauraron waƙa ya fitar da sunayen kod. Sonic Visualiser kyauta ce, ana ƙara mata Chordino ta yi irin wannan aikin, Transcribe! kuma tana rage saurin waƙa ba tare da sautin ya sauka ba. Ni na fi yarda da rage saurin, saboda manhaja kod ɗin ƙungiya gaba ɗaya take ji, alhali mai jitar sau da yawa sauti biyu kawai yake kaɗawa, yana zamewa a tsakaninsu.

In ba ka samu manhajar gano wurin kod da ta gamsar da kai ba, Excel ya isa. Ba wa kowane sauti lamba daga 0 zuwa 11, C ya zama 0. A kan lambar sautin tsirkiya, ƙara lambar layin da sandar take, ƙara 2 in feda A ta taɓa tsirkiyar, 1 in feda B ce, in jimlar ta kai 12 ka yi ta cire 12 har ta koma ƙasa da 12. Sautuka uku da tazararsu daga tushe, wato sautin da kod ɗin ke ɗauke da sunansa, ta zama 0, 4, 7 babban kod (major) ne, 0, 3, 7 kuma ƙarami (minor).