Turkar Ragon Layya a Cikin Gida

Duk wadda ta kwashi adashe tana son ta zuba shi a turkar rago, kada ta fara da sayen ragon. Ki fara da abincinsa. Babbar Sallah tana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, a 2025 farkon Yuni aka yi ta, ke nan a 'yan shekarun nan turka cikin rani da bazara take faɗawa, lokacin da ɗanyar ciyawa ko ta magani babu. Damin harawar da manomi zai sallama miki da arha a Nuwamba, shi ne za ki nema ido rufe a Afrilu da kuɗi ninki. Ni tun kaka nake aika ƙanena ƙauyukan hanyar Giwa da Soba ya tara mini harawar gyada da ta wake da buhunan kowa, wato ɓawon wake. A kan rumfa nake jibge su, a inuwa, nesa da ƙasa saboda gara. Ki zaɓi harawa mai ganye wadda koren bai gama barinta ba. Wadda ruwa ya daka ta yi baƙi tana warin funfuna, ko kyauta aka ba ki, ki bar ta.

Sai ragon. Wata uku, ko huɗu in ya yi yawa, ya isa turka. Abin da ya wuce haka cinye riba ne. Ɗan'yankasa nake saye, domin ya saba da ƙasarmu, bai da tsirfa, kuma kuɗinsa daidai aljihun malamin makaranta da ɗan kasuwar Sabon Garin Zariya ne, su ne masu sayenmu. Balami da Uda sun fi girma da kwarjini, amma cikinsu ma ya fi girma, kuma mai sayensu sai an jira shi. In wannan ne karonki na farko, ki bar wa masu ƙarfi.

Wanda za ki aika kasuwa, Giwa ce ko Maƙarfi, ki ja masa kunne: ramamme mai ƙashi ake nema, dogo, mai faɗin ƙirji, wanda yunwa ce ta rame shi ba ciwo ba. Ya buɗe bakinsa ya duba haƙoran ƙasa. In manyan haƙora biyu sun fito a tsakiya, ya haura shekara, ya isa layya, kuma da sauran girma a jikinsa. Ya duba hanci kada majina, ya ɗaga wutsiya kada zawo, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Mai ido ɗaya, gurgu, da mai karyayyen ƙahon da bai warke ba, ba su yin layya, komai arharsu.

In ya iso gida kada ki haɗa shi da sauran dabbobinki sai ya yi mako biyu shi kaɗai. A makon farko ki kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya yi masa allurar kaska da ƙazuwa, da rigakafin PPR, cutar nan ta majina da zawo da ke share garke. A Vom ta jihar Filato ake haɗa maganin rigakafin. Mu a Zazzau ba mu da uzuri: ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga NAPRI a Shika, cibiyar binciken kiwo ta ƙasa baki ɗaya.

Wajen dusa ne mata da yawa suke kashe rago da hannunsu, don ƙauna. Rago ya zo daga jeji bai san komai ba sai ciyawa, ranar farko a cika masa kwano da dusa har da tsakin masara. Cikinsa sai ya yi tsami, ya kumbura, ya kwanta. Ki fara da tafi ɗaya safe da yamma, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako biyu. Rago matsakaici yana cin kusan kilo ɗaya na busasshen abinci a rana, kuma rabi ko fiye ya zama harawa da kowa. Haɗina shi ne awo uku na dusar masara, awo ɗaya na tunkuzar gurya, da ɗan gishiri. Harawa nake fara ba shi da safe, sai ya ci ya natsu sannan dusa ta biyo.

Akwai wata illar da ba a cika faɗa ba. Dusa zalla, in ta yi yawa ga ƙarancin ruwa, tana tara wa rago tsakuwa a mafitsara. Za ki gan shi yana yunƙuri, yana harbin cikinsa, fitsari na ɗiga ko ya tsaya cak. Wannan ba na jiƙo ba ne, a nemi malami a ranar. Rigakafinsa ruwa ne, da gishirin da zai sa shi sha, da harawa mai yawa. A zafin Afrilun Zariya sau uku nake sauya ruwa, kuma turken a inuwa yake. Ki riƙa share wurin kullum. Takin ma masu lambu na saye da buhu.

Masu zuwa da ƙwayoyin ƙiba kuwa, ki sallame su daga ƙofa. Kumburi ne ba nama ba, kuma mutum ibada zai yi da dabbar nan. Ko allurar kirki ma, in Sallah ta rage wata ɗaya a daina, sai da izinin malamin dabbobi.

Ki rubuta komai a littafi, har kuɗin mota da la'adar dillali, don ki san farashin da ba za ki sauka ƙasa da shi ba. Ni na fi son sayarwa a gida, saura mako biyu ko uku, ga maƙwabta da abokan aikin maigida, a biya rabi in ci gaba da riƙe musu zuwa jajibere. In kika jira kwana biyun ƙarshe, motocin raguna sun cika gari daga arewa, dillalai kuma sun san ba ki son komawa da shi gida.