Kuɗin kamfani a yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa: inda alhazanmu ke kuskure

Tun watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa a Nijar, don haka yanzu babu mai bin shaguna a Maradi yana neman gudummawa. Shi ya sa ya kamata a yi wannan magana yanzu, tun hankali yana kwance. Ga kuma Najeriya a maƙwabta, inda da yawa cikin 'yan kasuwarmu suke da kamfani mai rajista ko abokin hulɗa a Katsina da Kano, kuma can zaɓe bai tsaya ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar asusun kamfani tamkar aljihun Alhaji. Mutum ya kafa kamfani da guminsa, sai ya ga babu wanda zai hana shi ya ce wa mai riƙe da lissafi ya fitar da miliyan goma na sefa a kai wa ɗan takara. Amma da zarar an yi wa kamfani rajista, dukiyarsa ta zama tasa, dabam da ta mai shi. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, kuma dokar kamfanoni ta wannan ƙungiya ta mai da shi laifi shugaban kamfani ya yi amfani da dukiyar kamfanin don biyan buƙatar kansa, alhali ya san hakan ya saɓa wa amfanin kamfanin. A nan gidajen kasuwanci da yawa na gado ne, akwai hakkin ƙanne da mata da marayu a ciki. Wanda ya ɗebi kuɗin nan ya kai siyasa, da rabonsu ya yi kyauta, ko da ba su sani ba. Gyaran ba shi da wuya: a fitar da riba, a raba, kowa ya karɓi nasa. Wanda yake son wani ɗan takara ya ba shi daga rabonsa, da sunansa.

Daga nan sai zaton cewa abin da ba tsabar kuɗi ba ne ba gudummawa ba ne. Motocin kamfani da aka bayar aro, man da aka zuba musu, atamfa mai hoton ɗan takara, buhunan shinkafa, duka dukiya ce ta fita. A rubuta su da farashinsu, a auna su da dokar da ake auna kuɗi da ita.

Inda na fi jin tsoro shi ne tsallaka iyaka. Zumuncinmu da Katsina ya girmi kan iyakar Ɗan Isa da Jibiya, shi ya sa mutum ke ganin taimakon ɗan takarar can kamar gudummawar biki ce. Dokar Najeriya ba ta kallonsa haka. Dokar kamfanoni ta 2020, sashe na 43, ta hana kamfani bai wa jam'iyya ko wata harkar siyasa kyauta daga dukiyarsa, kuma jami'an da suka yi hakan su za su mayar da kuɗin. Tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin da aka aiko wa jam'iyya daga wajen ƙasa a miƙa su ga hukumar zaɓe INEC cikin kwana 21. A farkon 2019, zuwan gwamnonin Maradi da Damagaram taron Muhammadu Buhari a Kano kawai ya tayar da ƙura, balle a ce an ga kuɗi. Ɗan Nijar ya tsame hannun kamfaninsa daga zaɓen Najeriya baki ɗaya.

Wasu kuma suna kafa hujja da cewa ai Turawa ma haka suke yi. Faransa ta haramta gudummawar kamfanoni tun 1995, mutum ɗaya kuwa ba ya wuce yuro 4,600 a zaɓe guda. A Amurka an hana kamfanoni bai wa 'yan takarar tarayya kuɗi kai tsaye tun 1907. Hukuncin da kotun ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Citizens United a 2010 ya ba su damar kashe kuɗi da kansu a talla ne kawai, bai halatta zubawa a asusun ɗan takara ba.

Ƙungiyoyi ma suna faɗawa wannan rami. Kuɗin da 'yan ƙungiyar direbobi ko ta manoma suka tara, an tara su ne don abin da aka rubuta a dokar ƙungiya, kuma mambobi ba ra'ayinsu ɗaya ba. Shugaba ba shi da hurumin kyauta da su. Hukumar da ke cin kuɗin gwamnati ko na masu ba da agaji kuwa, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne.

Sai miƙa kuɗi cikin leda da dare, babu takarda, ta hannun wani na kusa da ɗan takara. Sau da yawa ba duka ke isa ba, kuma mai bayarwa ba shi da bakin tambaya. Mafi muni, idan an haɗa da alkawarin kwangila ko sassaucin duwan, sunan abin ya koma cin hanci. A bayar ta banki, cikin asusun da doka ta amince da shi, a karɓi takardar shaida. Ranar da siyasa ta dawo Nijar kuma, kada a yi aiki da abin da aka saba a zaɓen 2020 da 2021. A nemi sabuwar dokar, a kai wa lauya ya karanta, kafin a sa hannu a kan ko dala ɗaya.